Shukar Tukunya Tana Iya Kaiwa Damina

Ɗiyana na Bafarawa da Isa da Sabon Birni! Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, iska ta fara kaɗawa da asuba. A irin wannan lokaci ne za ka shiga gida ka tarar da gwangwanaye da fasassun tukwane jere a gindin katanga, wannan da ɗan barkono, wancan da ɗoɗɗoya ko gwandar da yaro ya shuka da damina, duk sun fara yaushi. Masu su sun sallama, wai lokacinsu ya wuce. Bai wuce ba. Da ɗan lura, mafi yawansu za su tsallake hunturu da bazara, su ga ruwan baɗi.

Kun fi ni sanin halin rashin tsaron da ƙasarmu ke ciki 'yan shekarun nan. Ba kullum ake iya zuwa gona mai nisa ba, fadamun Bunsuru da na Rima ma akwai inda manomi ke shiga da fargaba, kayan miya kuwa sai ƙara tsada suke. Don haka kada ku raina tukwane biyar ko goma a tsakar gida. Barkono da tattasai da na'a-na'a da alayyafo da uwar gida za ta tsinka ba tare da ta aiki kowa ba, rufin asiri ne babba, kuma babu mai tare mata hanya tsakanin ɗaki da madafa.

A Turai da Amurka, idan sanyi ya gabato, mutane kan kwashe tukwanen shukarsu su shigar da su ɗaka, domin ruwan da ke cikin ƙasar yakan daskare ya kashe saiwa. Mu nan Allah bai jarrabe mu da ƙanƙara ba. Abin da ke kashe mana shuka shi ne busasshiyar iska da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai zafin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a ƙasar Sakkwato. Amfanin tukunya dai ɗaya ne a can da nan: ana iya ɗaukarta a canza mata wuri.

To, ina za a kai ta? Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, rana kuma a watannin nan takan karkata kudu. Saboda haka ku nemi katanga ko ɗakin da zai tsaya wa shuka ta arewa, ku jera tukwanen a gefensa na kudu. Ginin zai tare iska, hantsi kuma zai same su. Ku haɗa su wuri ɗaya, kusa da juna, manya a baya ƙanana a gaba, don a haɗe ba su saurin bushewa. Idan babu katanga, zana ɗaya ta isa. Abin da nake roƙonku shi ne kada tausayi ya sa ku kai shuka ƙuryar ɗaki. Ɗakunanmu masu ƙananan tagogi ne, duhu zai sa ta yi tsawo marar ƙarfi, ganyenta ya koɗe, ga kuma kaskon wutar da ake jin ɗumi da dare yana ƙara busar da ita. Rumfa ko bakin zaure inda haske ke shiga ya fi mata.

Idan bazara ta shigo, sai a sake lissafi. Yanzu ranar la'asar ce abin gudu. Ku mayar da tukwanen gabashin gini, ko ƙarƙashin darbejiya, su sha hantsi su huta da yamma. A nan ne tukunyar ƙasa take nuna fifikonta. Kamar yadda randa ke sanyaya ruwa saboda gumin da take yi, haka take sanyaya saiwa. Gwangwani da baƙar roba kuwa zafi suke ɗauka har saiwar ta ƙone. Wanda ba shi da tukunya, ya haƙa ɗan rami ya binne gwangwanin har wuya, ko ya naɗe shi da tsohon buhu. A rufe saman ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, danshi zai daɗe.

Batun ban ruwa shi ne inda masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Da an ga ganye ya sunkuya sai a yi ta kwarara ruwa safe da yamma, alhali da sanyi shuka ba ta sha da yawa, kuma saiwa tana bukatar iska. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, saiwa ruɓewa take yi, ganyen ya ƙara yaushi, mai ita ya ƙara ruwa. Ku sa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kun ji danshi ku bari sai gobe, in ta bushe ku zuba sosai da safe har ya ɗiga ta ƙasa. Wannan na nufin dole kowace tukunya ta zama da huda a gindi. Ruwan alwala da wanda aka wanke hatsi ko kayan miya duk suna da kyau, ba sai an taɓa na sha ba. Ruwan wanki mai garin sabulu da ruwan da gishiri ko kanwa ta taɓa, a zubar da su nesa. Kada kuma a bar ruwa kwance a faranti ƙarƙashin tukunya, sauro yana hayayyafa a ciki.

Ƙasar kanta, ku haɗa rairayin jigawa da ƙasar gona da takin da ya kwana biyu ya ruɓe. Lakar fadama ita kaɗai takan ƙanƙame ta tsage, ɗanyen taki kuma yana ƙona saiwa ya jawo gara. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin da ganye ke shaƙar iska, don haka a yayyafa masa ruwa lokaci-lokaci a wanke shi. Idan ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Akuya da kaji kuwa ba su da magani sai ƙaya da shinge.

Ku kuma samari, ina so ku dubi abin da ya fi miya. Ledar ruwan sha da ake watsarwa a titi, in an huda ta an cika da ƙasa, wurin rainon itace ce: lemun tsami, gwaiba, mangwaro, kuka, lalle. Ƙwayar kuka tana da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta tsira da wuri. Ku riƙa ɗaga ledojin kuna canza musu wuri, kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Zogale ba ya son daɗewa a matse, gara a dasa shi da wuri. Kada ku yi gaggawar dashe da ruwan farko na Mayu ko farkon Yuni, wanda sau da yawa fari ke biyo bayansa. Ku jira damina ta zauna a Yuli, ku fara saba musu da rana kaɗan-kaɗan, sannan ku yanke ledar ku dasa da yamma.

'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi, sun nuna mana abin da kulawa ke yi. Tun daga 1983 manoman can suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi maimakon a sare, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba. Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin katangar itatuwa ta Afirka ya shafa a Najeriya, amma itacen da zai tsaya a ƙofar gidanka, hannunka ne zai raine shi.

Iyaye mata, ku ba kowane yaro tukunyarsa da sunansa, ku nuna masa yadda ake gwada ƙasa da yatsa. Yau ɗin nan, kafin iska ta yi ƙarfi, ku duba gindin kowace tukunya ko da huda, ku kwashe su zuwa kudancin katanga. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya nuna mana damina lafiya.