Darasi Na Goma Sha Biyu: Ikon Magana Gaban Mahukunta Da Iyakarsa

Jama'a, yau za mu yi magana a kan abin da ya shafi kowa. In talaka yana da kuka, shin yana da ikon ya faɗa a bainar jama'a, ko da a ƙofar mai mulki ne? In yana da shi, ina iyakarsa?

Bari mu fara da zamanin En'e. Sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano cikin 1950, Sarkin Daura Abdurrahman ne a gadon sarauta. A lokacin nan, a Daura da sauran ƙasashen sarakunan Arewa, ba mai yin laccar siyasa sai ya sami izni daga En'e. 'Yan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma nata ne. Yawancin manyan En'e kuwa 'yan NPC ne. To, kun ga ɗan hamayya wajen abokin hamayyarsa yake zuwa neman izni. Saboda haka aka ɗaure mutanen Malam Aminu Kano da yawa, kan laifin taro ba izni ko zagin sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Da aka sami mulkin kai a 1960, sai aka rubuta ikon magana da ikon taro cikin Tsarin Mulki. Amma rubutu dabam, aiki dabam. A 1984, sa'ad da Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, yake shugaban mulkin soja, aka kafa Doka ta 4. Ta hana buga labarin da zai jawo wa Gwamnati ko ma'aikacinta raini. Da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian ta Ikko, watau Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. An soke ta a 1985.

Ku dubi yadda duniya take juyawa. A 2003 Buhari ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar ANPP, bai samu ba. Cikin watan Satumba jam'iyyarsa ta yi taro a Kano, 'yan sanda suka watsa shi da barkonon tsohuwa, wai ba su ba da izni ba. Jam'iyyar ta kai ƙara. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci cewa tilasta wa mutane neman izni wajen 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa Tsarin Mulki. Daga nan mu koyi abu guda: dokar da ta rufe bakin abokin hamayyarka yau, gobe tana iya rufe naka.

Ga yadda abin yake cikin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 39 ya ba mu ikon faɗin ra'ayinmu. Sashe na 40 ya ba mu ikon taruwa. Sashe na 45 kuwa shi ne iyaka: ana iya yin dokar taƙaita waɗannan don tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da kare haƙƙin wasu.

Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, in rijiyar ƙauyenmu ta rufta, ko taki bai iso ba, muna iya haɗuwa mu tafi wurin dagaci, ko hakimi, ko ofishin ƙaramar hukuma a Daura ko Zango ko Mai'aduwa, mu faɗi kukanmu. Wannan ba laifi ba ne. Laifi yana farawa ne in an ɗauki sanda ko wuƙa, ko an yi jifa, ko an karya ƙofa, ko an yi wa ma'aikaci barazana. Haka kuma ƙaga wa mutum ƙarya don a ɓata masa suna, ko shi wane ne.

Saboda haka in za mu fita, mu sanar da 'yan sanda rana da wuri da hanya, don su tsare mu. Sanarwa ce, ba roƙo ba. Mu zaɓi mutum biyu ko uku masu natsuwa su yi magana da bakinmu. Mu rubuta kukanmu a takarda, mu ajiye kwafi. Nan ma ga amfanin karatu: wanda ya iya rubutu, ba a juya masa magana.

Tambayoyi
1. A zamanin En'e wa yake ba da iznin lacca?
2. Wane hukunci kotu ta yanke a 2007?
3. Ku faɗi abubuwa uku da suke mai da taro laifi.