Kafin Ka Ƙulla Shirin Noman Rani

Ya ɗan'uwa, an gama madatsar ruwa ta Tiga a shekara ta 1974, da ruwanta kuwa manoman Kura da Bunkure su ke noman rani. Mutum ya kan zauna ya lissafta: kwando kaza na tumatir zan kai Kwanar Gafan, in biya bashin taki, in rufe ɗaki da kwano. Amma a 2016 tsutsa ta faɗa wa tumatir, lissafin mutane da yawa ya rushe.

Shiri ba zunubi ba ne. Yusufu ya tara hatsi a Masar shekara bakwai. Abin da Yaƙub ya tsauta cikin sura ta 4 ta wasiƙarsa, fahariya ce ta mai ɗaukar gobe kamar a hannunsa ta ke. Mu kuwa mu kan gama shiri sarai, kāna mu liƙa masa "in Allah ya yarda" a baki.

Kai mai bin Yesu, ka fara da addu'a tun ba ka karɓi bashin ba. Ka karanta Maganar Allah, ka shawarci dattawan ikilisiya. Ka tambayi zuciyarka kuma: shirin nan zai sa in tare ruwan maƙwabcina da dare? Idan haka ne, ba sai ka jira mafarki ba, gama Ubangiji ya rigaya ya hana.