Darasin Kimiyya: Abin da Ke Faruwa a Cikin Fata Idan Aka Yi Zanen Tatu

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan fata ne, kuma za mu shiga ta wata tambaya da kowa zai iya gwada amsawa. Me ya sa lallen amarya ke dusashewa cikin mako biyu ko uku, amma zanen tatu da kuke gani a damatsan 'yan ƙwallon Turai yake zaune har mai shi ya shiga kabari? Kafin mu fara, mu cire ƙaya ɗaya. Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta wannan zane na dindindin bisa hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma wannan bayani na ajin malamin addini ne. Namu a nan shi ne mu san abin da allura ke yi wa jiki, domin ilimin ya shafi askar wanzami da hujin kunne kamar yadda ya shafi injin mai zane.

Yadda aka gina fata

Fata shimfiɗa uku ce. Ta sama, wadda muke taɓawa, ba ta da jijiyoyin jini, kuma kullum cikin sauyawa take: sababbin ƙwayoyin halitta na tsirowa daga ƙasanta, suna turo tsofaffi zuwa sama har su mutu su zube. Cikin kimanin wata guda an sake ta kaf. Ta tsakiya ita ce mai jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi da saiwar gashi da maɓuɓɓugar gumi, kuma ba ta zubewa. Ta ƙasa kitse ne.

Ganyen lalle yana da wani sinadari mai suna losan, wanda ke kama matattun ƙwayoyin fatar sama ya rina su. Da suka zube, launin ya tafi da su. Mai tatu kuwa yana tsallake shimfiɗar sama, ya kai tawada cikin ta tsakiya, zurfin milimita 1 zuwa 2. Idan bai kai ba, zanen ya goge. Idan ya zarce cikin kitse, tawadar ta bazu, zanen ya dagule. Injin da ke wannan aiki yana iya soka allura sau 50 har zuwa 3,000 a minti ɗaya. Wani Ba'amurke, Samuel O'Reilly, shi ya yi rajistar injin farko mai aiki da lantarki a 1891 a birnin New York, amma sana'ar ta girme shi nesa ba kusa ba. Gawar Ötzi, mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, ta kai shekara 5,300, kuma an ƙirga zane 61 a jikinta, duk da baƙin gawayi aka yi su.

Wa ke riƙe tawadar?

Nan ne abin ya fi ban sha'awa, don haka ku natsu. A wurin jiki, tatu rauni ne, tawada kuma baƙuwa ce. Da allura ta shiga, garkuwar jiki kan aiko da wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna makurofej, waɗanda aikinsu haɗiye duk abin da ya kutso. Ƙwayar cuta suna iya narkar da ita. Ƙwayar tawada ta fi ƙarfinsu, sai su haɗiye ta su tsaya a wurin da ita a cikinsu. Launin da ake hangowa ta cikin fatar sama, yawancinsa a cikin waɗannan ƙwayoyi yake. Masu bincike a birnin Marseille na Faransa sun nuna a 2018, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa idan makurofej ya mutu ya saki tawadar, wani sabo kan zo ya sake haɗiye ta. Haka ake ta miƙa ta hannu zuwa hannu, zanen bai motsa ba. Ƙananan ɓarɓashi kuwa sukan sulale su tafi kaluluwar hammata ko ta matsematsi, har likitocin tiyata kan tarar da kaluluwa ta rine da launin zanen.

Ƙofar haɗari ta farko: allura

Duk abin da ya huda fata ya taɓa jini zai iya ɗauko cutar wani ya kai wa wani. Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma lissafi ya nuna wani abu dabam. A cikin ma'aikatan asibiti da allurar mai ƙanjamau ta soka bisa kuskure, kimanin 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa. Idan allurar mai ciwon hanta nau'in B ce, kuma wanda ta soka bai yi riga-kafi ba, adadin zai iya kai 30 cikin 100. Ƙwayar wannan ciwo tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, ko da ɗigon da ido ba ya gani ne. Akwai kuma ciwon hanta nau'in C, wanda har yau ba shi da allurar riga-kafi.

Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci. Allura sabuwa, a ɓare ledarta a gaban mai zuwa, a jefa ta cikin mazubin ƙarafa masu kaifi bayan an gama. Mai aikin ya wanke hannu, ya sa sabuwar safar hannu. Duk ƙarfen da za a sake amfani da shi sai ya shiga otokilef, wato tukunyar ƙarfe mai rufaffen murfi da ke matse tururi ya kai zafin digiri 121 na tsawon minti 15 zuwa 30. Na san wani zai ce ai tafasasshen ruwa ya isa. Bai isa ba. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, kuma wasu ƙwayoyin cuta, irin masu kawo sarƙewar haƙora, suna da ɓawon da ke jure wannan zafi. Goge ƙarfe da sifirit ma tsabta ce kawai, ba ya kashe komai da komai. Wannan hukunci shi ne a kan askar tsaga, da ta kaciya, da ta ƙaho, da rezar mai yankan farce a bakin kasuwa.

Ƙofa ta biyu: tawada

Allura na iya zama sabuwa fil, cutar ta shigo ta kwalba. A ƙarshen 2011, a Rochester ta jihar New York, mutum 19 sun yi ƙuraje masu wuyar magani bayan mai zane ɗaya ya yi musu aiki. Da aka bincika, shagonsa tsaf yake. Ƙwayar cutar tana cikin tawadar tun daga inda aka haɗa ta. Shi ya sa ba a sirka tawada da ruwan famfo, kuma ake zuba wa kowane mutum tasa a ɗan ƙoƙo, a zubar da ragowar. Sinadaran launi ma abin dubawa ne. Jar tawada ta fi kowace haddasa ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci bayan shekaru. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a tawadar tatu tun Janairun 2022.

A nan 'yan mata su saurara da kyau. Lalle na asali ja ne ko ruwan goro. Baƙin ƙunshin da ke kamawa cikin mintuna, sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. Yana iya sa fata ta tashi ta yi bororo, zanen furen ya koma tabo, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Ko jan lallen ma ba a sa wa jariri, domin ga yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, abin da ya yawaita a ƙasashenmu, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini.

Ƙofa ta uku: jikin mutum kansa

Baƙar fata ta fi saurin yin kiloid, tabon nan mai tudu da ke girma ya wuce iyakar raunin, kamar yadda ake gani a kunnen wasu bayan huji. Wanda ya san jikinsa na yin haka, ya nisanci allurar ado. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, sai da shawarar likita. Yara kuwa doka ta tsare su: Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tatu ko tsaga.

Sabon zane kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin samansa ya warke. A wannan lokaci ana wanke shi da sabulu mara ƙamshi, ba a sosa shi, ba a ɓamɓare ɓawon, ba a shiga kogi ko kududdufi, ba a barin rana ta dake shi. A baƙar fata jan kumburi ba ya fitowa sosai, don haka a lura da zafin wurin, da kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku, da mugunya, da zazzaɓi. Ko ɗaya aka gani, asibiti ne, ba kemis ba.

Mai tunanin zai goge daga baya, ya sani cewa hasken leza yana farfasa tawadar ne domin jiki ya kwashe ta a hankali. Ana komawa sau da yawa, da tsada, da zafi, kuma a baƙar fata yana iya barin farin tabo.

Aikin gida: kowa ya nemi katinsa na riga-kafi ya duba ko an yi masa allurar ciwon hanta nau'in B. Nijeriya ta shigar da ita cikin riga-kafin jarirai a 2004, don haka iyayenku da yawa ba su samu ba. Ku faɗa musu su je a gwada jininsu, wanda ba shi da cutar ya karɓi allurar nan guda uku.