Kai Hari ko Iya Ƙarshen Wasa: Wanne ya Kamata Ɗan Ces ya Fara Koya?

TAMBAYA: Ina buga ces, wato darar Turawa, a waya da kuma a allo tare da abokaina. Ina son kai wa sarkin abokin karawata hari tun da wuri, amma sau da yawa harin yakan mutu, a wayi gari an cinye ni a ƙarshe. Shin yaya manyan 'yan wasa suke tsara harinsu? Kuma da gaske ne sai mutum ya iya ƙarshen wasa kafin ya zama gwani? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da yake damunka yana damun kusan duk mai koyon ces, kuma amsar ɓangarorin tambayarka biyu a haɗe take.

Mu fara da hari. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, shi ne ya kafa ƙa'idar da manya suke bi har yau: ba a kai hari don zuciya ta so, sai idan allo ya ba da dama. Kafin gwani ya taso wa sarki, yakan duba abubuwa uku. Na farko, tsakiyar allo tana hannunsa, ko kuwa a toshe take? Idan a buɗe take ga abokin karawa, ta nan zai mayar da martani, harin ya watse. Na biyu, 'ya'yan wasa nawa yake da su kusa da sarkin, nawa ne kuma masu tsaro? Sarauniya da doki su kaɗai ba za su fasa gidan da mutum huɗu suke gadi ba. Na uku, akwai ɓaraka a kuratan da suke gaban sarki, ko layin da hasumiya za ta shigo ta kansa? Idan babu, aikin farko shi ne samar da ita.

Ko Mikhail Tal, mutumin Riga da ya karɓe kambu daga hannun Mikhail Botvinnik a 1960, wanda ya yi suna wajen sadaukar da doki ko hasumiya, ba ya yin hakan sai sauran 'ya'yan wasansa sun fito sun tsaya inda za su yi aiki. Ina kyautata zaton a nan matsalarka take: kana tasowa da biyu, shida suna zaune a gida.

Yanzu dubi wasan da ake yawan kafa misali da shi, na Garry Kasparov da Veselin Topalov a Wijk aan Zee ta ƙasar Holan, a 1999. A taku na 24 Kasparov ya ba da hasumiya, ya biyo da miƙa ta biyu, ya fito da sarkin Topalov daga maɓoyarsa, ya yi ta korar sa har ya ratsa allo ya isa layin farko na ɓangaren Kasparov. Amma abin da mutane suke mantawa shi ne, ba a ritsa sarkin ba. Harin ya ƙare ne da Kasparov yana riƙe da sarauniya, Topalov yana da hasumiya da kurata, kuma sai a taku na 44 ya miƙa wuya. Haka yawancin hare-haren manya suke ƙarewa. Gwanin tsaro ba ya bari a ritsa shi. Yakan biya fansa da kurtu ɗaya ko biyu, a yi musayar manyan 'ya'ya, a shiga ƙarshen wasa. Hari shuka ne, ƙarshen wasa kuwa girbi, kuma wanda bai iya girbi ba wahalarsa a gona za ta tsaya.

Shi ya sa José Raúl Capablanca na ƙasar Kyuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya riƙa ba masu koyo shawarar su fara da ƙarshen wasa. Wasansa da Savielly Tartakower a Niyok a 1924 ya isa darasi. An rage daga sarki sai hasumiya ɗaya da kurata a kowane ɓangare. Hasumiyar Capablanca tana layi na bakwai, ta tsare sarkin Tartakower a layin baya. Tartakower ya shigo da tasa hasumiyar yana cin kurata. Maimakon ya tsaya kare su, Capablanca ya bar biyu suka tafi, ya ɗauki sarkinsa ya taka da shi gida-gida: g3, h4, g5, har f6. Da ya iso kusa da kurtun Tartakower da ke f5, bai ci shi nan take ba, sai ya wuce ya fake a bayansa, domin kurtun ya zame masa garkuwa daga hasumiyar da za ta dame shi ta baya. Daga nan sarki da hasumiya da kurtu ɗaya suka haɗu a kan sarkin Tartakower, komai ya rushe. Ka lura, wannan ma hari ne, sai dai sarki da kansa ne ya jagorance shi. A tsakiyar wasa ana ɓoye sarki, amma da zarar sarauniyoyi sun bar allo, sai ya zama mayaƙi.

Zamaninmu ma bai sauya wannan ba. A Dubai a 2021, Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi sun yi kunnen doki sau biyar a jere. Wasa na shida ya kai taku 136, kusan awa takwas, mafi tsawo a tarihin gasar kambun duniya. Carlsen, da hasumiya da doki da kurata biyu, ya yi ta matsa wa sarauniyar abokin karawarsa sannu a hankali har ya sami kuskuren da yake jira. Bayan wannan Nepomniachtchi bai sake dawowa daidai ba, gasar ta ƙare 7.5 da 3.5. A Singafo kuma, a Disambar 2024, Ding Liren yana dab da samun kunnen doki da Gukesh a wasa na 14 na gasar kambun duniya, sai a taku na 55 ya miƙa hasumiyarsa don musaya alhali bishop ɗinsa yana maƙale a kusurwa. Gukesh ya musanya hasumiya, ya tilasta musayar bishop, aka rage sarki da kurata biyu a kan sarki da kurtu ɗaya. Da wannan ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18.

To, ga shawarata. Fara da sarki da kurtu ɗaya a kan sarki tilo, ka koyi yadda sarakuna suke fuskantar juna da gida ɗaya a tsakani, da dalilin da ya sa wanda taku ya faɗo kansa shi ne yake kaucewa. Ka san cewa kurtun da ke layin gefe yakan ƙare a kunnen doki idan sarkin tsaro ya riga ka isa kusurwa. Daga nan ka shiga ƙarshen wasan hasumiya, domin shi ya fi faruwa: tsarin Lucena zai koya maka yadda ake ci, na Philidor kuma yadda ake tsira. Ka riƙa jera su a allo kana bugawa da abokinka, kuna musayar ɓangare, har hannunka ya saba.

Ba na ce ka daina kai hari ba, Malam, domin a nan daɗin wasan yake. Amma idan ka iya ƙarshen wasa, za ka daina tilasta wa harin da bai nuna ba. Za ka ci kurtu ɗaya, ka yi musaya da kwanciyar hankali, domin ka san abin da za ka yi da shi. Allah ya ba da sa'a.