Me Ya Sa Wata Manhaja Ke Gudu, Wata Kuma Ke Jan Ƙafa a Wayar Android?

Yawancin manhajojin Android da yaren Java ko Kotlin ake rubuta su. Sai dai masarrafin waya, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da komai a cikinta, ba ya jin waɗannan yaruka. Yarensa ɗaya ne tak, na sifili da ɗaya. Don haka dole a samu tafinta a tsakani. Wannan tafinta wata manhaja ce da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin wayar, kuma ita ke sa manhaja guda ta yi aiki a Tecno da Samsung da Infinix ko da masarrafansu sun bambanta. Amma fassara tana cin lokaci, tana kuma cin batir.

Daga Dalvik zuwa ART

Tafintan farko na Android shi ne Dalvik. Yana fassara ne a daidai lokacin da ake amfani da manhaja. Wannan bai cika cin ma'adana ba, amma duk buɗewa sai an sake aikin, waya ta riƙa sanɗa.

A shekarar 2014 Google ya maye gurbinsa da ART a Android 5.0. Shi kuma tun wajen girka manhaja yake fassara ta gaba ɗaya. Gudu ya ƙaru, amma girkawa ta koma ɗaukar lokaci, ma'adana na saurin cika, kuma duk sanda aka sabunta babbar manhaja sai mai waya ya zauna jiran a sake fassara komai.

Android 7.0 na shekarar 2016 ya raba gardama. ART ya koma fassara nan take da farko, yana lura da sassan da aka fi amfani da su. Idan waya na kan caji kuma ba a taɓa ta, sai ya fassara waɗannan sassa ya ajiye.

Ina rawar da yare ke takawa?

Java da Kotlin suna share RAM da kansu, abin da ke rage wa mai rubuta manhaja kuskure, amma sharar tana buƙatar sararin RAM. Manyan wasanni kuwa galibi da C++ ake gina injinsu, domin kai tsaye ake mayar da shi yaren masarrafi. Ya fi gudu, amma ƙaramin kuskure kan rufe manhaja ba shiri. Swift na iPhone ma kai tsaye ake fassara shi.

Darasi ga mai waya

Idan sabuwar manhaja ta yi nauyi a kwanakin farko, kada a yi saurin goge ta ko a ɗora wa wayar laifi. A bar wayar a kunne kan caji na wasu awanni ba tare da taɓa ta ba. Mai son koyon gina manhajar Android kuwa ya fara da Kotlin, wanda Google ya fifita tun 2019, ya bar C++ sai aikin da gudu ya zama dole.