Koyoti, Dilan Amurka, da Yadda Ake Farautarsa

Ya kai ɗalibi, ka san dila, wanda a tatsuniya ake yi wa kirari da malamin daji. To, a Amurka ta Arewa akwai ɗan'uwansa da ake kira koyoti. Sunan ya fito ne daga harshen mutanen Aztek na ƙasar Meziko. Kama yake da kare mai tsinin baki da tsayayyun kunnuwa, jelarsa buzu-buzu, nauyinsa daga kilo 8 zuwa 20. A da can a filayen ciyawa da hamadar tsakiya da yammacin nahiyar yake zaune. Da Turawa suka sare dazuzzuka, suka karkashe kyarketai waɗanda su ne dodonsa, sai ya bazu. Yanzu ana samunsa tun daga Alaska har Panama, har ma cikin manyan birane irin su Shikago.

Yawancin abincinsa zomaye ne da ɓeraye da 'ya'yan itace da mushe, wannan bai dami kowa ba. Inda ake rigima shi ne in manomin da gidansa ke bakin daji ya wayi gari ya tarar da ɗan tunkiyarsa kwance an cije shi a maƙogwaro, ko ya ƙirga kaji ya ga sun ragu. Tambayi Baba ko Inna yadda mai kiwo yake ji in wahalar shekara ta tafi cikin dare ɗaya. Wannan ne ke sa mutanen karkara a can su koyi farautarsa.

Karatun farko ba bindiga ba ne, sanin sawu ne. Sawun kare faffaɗa ne, yatsu a warwatse, kuma kare yakan yi ta karkace-karkace. Na koyoti siriri ne mai ɗan tsawo, a miƙe kan layi ɗaya kamar wanda aka aika. Kashinsa cike yake da gashi da guntayen ƙashi, kuma a tsakiyar hanya yake ajiye shi don ya shaida wa 'yan'uwansa nan yankinsa ne. Mai koyo sai ya yi kwanaki yana duba mahaɗar hanyoyi da kusurwar shinge da bakin rafi kafin ya taɓa tarko.

Tarkon kuwa na ƙarfe ne, mai baki biyu da ke riƙe ƙafa. Amma fa hancin koyoti ya fi idonsa. Saboda haka sai an dafa sabon tarko cikin ruwa don mai da warin masana'anta su fita, a tsoma shi cikin narkakken kaki, daga nan ba a ƙara taɓa shi sai da safar hannu. A wurin da aka zaɓa, gaban wani ɗan tushen ciyawa, ana haƙa rami a karkace kamar na ɓera, a sa ɗan nama can ƙasa. Ciyawar ita ce za ta tilasta masa ya zo ta gaba. Kamar taƙi ɗaya daga bakin ramin sai a yi ɗan gurbi, a kafa turke mai sarƙa, a zaunar da tarko daram, sa'an nan a tankaɗe busasshiyar ƙasa da rariya a rufe shi. Lura da kalmar nan daram. In tarkon ya ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ja da baya zai yi ya tone shi, kuma ya yi karatu ke nan, da wuya ka sake ruɗinsa da irin wannan ramin.

Masu bindiga kuma kira suke yi. Maharbi zai zauna da asuba ko da almuru, ya busa wani ɗan usur mai kukan zomon da aka kama, ya jira minti 15 zuwa 30 ba motsi. Koyoti ba ya cika zuwa kai tsaye, kewayawa yake ta inda iska za ta kai masa warin mai kukan. In maharbi bai sa ido a wannan ɓangaren ba, ya sha busa a banza. Kuma ba a harbi sai an san abin da ke bayan dabbar, don akwai gidaje da shanun maƙwabta.

Kowace jiha a Amurka da dokarta. Galibi sai da lasisi ake ɗana tarko, kuma jihohi da yawa sun wajabta a duba shi kowace rana. Dalili a fili yake: tarko bai san koyoti ba, bai san karen maƙwabci ba. Kai ma an karantar da kai cewa ba a azabtar da dabba, ko da mai ɓarna ce. Wanda ba zai iya sammakon zagayen tarkunansa kullum ba, a ganina kada ma ya fara.

Ga abin mamaki. Tun a 1931 Amurka ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon yaƙar dabbobi masu ɓarna, an yi ta zuba guba har Shugaba Nikson ya hana hakan a filayen gwamnati a 1972, kuma ma'aikatan gwamnati sun ci gaba da kashe dubbai kowace shekara. Duk da haka koyoti bai ƙare ba. Macen tana ɗaukar ciki tsakanin Janairu da Maris, bayan kwana 63 ko kusa da haka ta haifi 'ya'ya kamar 6. In an rage su abinci ya wadata, 'ya'ya da yawa su rayu, baƙi kuma su shigo su maye gurbi. Masu bincike sun lura cewa yawancin kisan tumaki miji da mata masu riƙe da yanki ne ke yinsa, musamman lokacin ciyar da 'ya'ya. Shi ya sa manomi mai hankali ke neman mai laifin a kusa da garkensa, ba ya bin daji duka.

Sauran aikin tsaro ne: a shigar da tumaki da dare, a binne mushe, a ja shingen waya mai lantarki, a ajiye manyan karnukan gadi. Wasu ma jaki suke sawa cikin garke, don jaki ya tsani dangin kare, da ya hango shi zai yi kuka ya bi shi da cizo da harbi. Sai dai ɗaya ake sawa, galibi jaka. In ka sa biyu, junansu za su bi su manta da tumakin.