Man Risho Daga Ruwan Rake: Kafin Ka Sayi Duro

Idan kana son gwada haɗa itanol, man nan da Barazil ta rungumi zuba wa motoci tun 1975, fara da rake ko takanda. Rogo da masara ka bar su tukuna. Yis, irin na masu burodi, sukari yake ci. Sitaci kuwa sai an dafa shi an sa masa sinadarin da zai mayar da shi sukari, ƙarin aiki ke nan da ƙarin kuɗi.

Nemi masu mazarƙwaila su matse maka raken, ka tace ruwan, ka tafasa shi don ƙwayoyin da ke tsamar da shi su mutu. Juye shi a duro, ka bari ya huce sosai kafin ka zuba yis. Rufe duron, amma ka huda murfin ka sa tiyo, bakinsa ɗaya a cikin kwalbar ruwa. Iskar da yis ke fitarwa za ta sami hanya, ta waje ba za ta shigo ba. In ka toshe shi ruf, zai kumbura, har ya iya fashewa.

Babban abokin gabarka zafin bazara ne. Yis ya fi jin daɗi a wajen digiri 30. In zafi ya doshi 40, sai ya sume. Ajiye duron a inuwa, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Bayan 'yan kwanaki kumfa za ta daina tashi, zaƙin ya tafi.

Saura raba itanol ɗin da yis ya samar da ruwan. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, don haka a wuta kaɗan-kaɗan tururinsa ke yin gaba. Ka bi da shi ta bututun da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya ɗigo a kwalba. Zagaye ɗaya ba ya isa, ruwa na biyo shi. Kuma kada ka sa rai da yawa: lita 100 ta ruwan rake da wuya ta ba ka lita 10.

Ni dai ban ba ka shawarar zuba shi a babur ba, ragowar ruwan zai ɓata maka inji. Rishon da aka ƙera don itanol ya fi dacewa da shi. Yi aikin a fili, domin tururin na kama wuta, harshen wutar kuma da kyar ake ganinsa da rana. Ɗiga wa itanol ɗin fetur kaɗan don kada wani ya yi gigin sha, ka rubuta gargaɗi a jikin jarkar. Kafin duk wannan, je ka tambayi hukuma batun lasisi, musamman a jihohin da ke bin shari'a.